Wai me ake nufi da "Black-owned" ɗin nan da ya cika ko'ina?

Tun bayan kisan George Floyd a Minneapolis a watan Mayun 2020 kalmar nan ta Black-owned ta cika gari, a Instagram, a jikin kwalbar man gashi, har ƴan uwanmu masu saida turaren wuta da atamfa a Amurka da Ingila sun manna ta a shafukansu. Ma'anarta dai ba wuya, kasuwancin da baƙar fata ya mallaka, su kuma masu kiran Buy Black cewa suke in za ka kashe kuɗinka ka daure ka nemi irin wannan shagon ko da ya fi nisa ko ya ɗan fi tsada. Abin ba sabo ba ne, tun 1929 baƙaƙen Chicago suka fara gangamin kar ka sayi kaya a inda ba za a ɗauke ka aiki ba.

Abinda ke ban haushi shi ne yadda ake cakuɗa ta da kayan da aka yi DOMIN baƙar fata. Sai ka ji mai talla ta ɗago man shafawa tana cewa ku saya namu ne, alhali hujjarta kawai akwai hoton baƙar mace mai cikar gashi a jikin kwalin. Hoto ba mallaka ba ne fa. A Amurka ƙungiyoyin da ke ba da takardar shaida irinsu NMSDC sai sun ga aƙalla kashi 51 na kamfanin a hannun mutumin, kuma shi ke juya shi da kansa, kafin su sa hannu. Dark and Lovely da matanmu suka daɗe suna sa wa a kai, na L'Oréal ne, kamfanin Faransa. Mielle, shi ma na kayan gashi, kuma P&G ta Amurka, katafariyar mai kayan masarufi, ta saye shi a 2023.

Amma wanda ya fi ɗaure kai SheaMoisture ne. Shea ɗin nan ba komai ba ne illa kaɗanyarmu, man kaɗen da ake shafa wa jarirai da kaushin ƙafa lokacin hunturu. Wanda ya kafa kamfanin, Richelieu Dennis, ɗan Laberiya ne, ya je karatu Amurka yaƙi ya ɓarke a gida bai samu komawa ba, shi da mahaifiyarsa da abokinsa suka fara saida sabulu da man kaɗe a bakin titi a Harlem farkon shekarun 1990. Baƙaƙen mata ne suka ɗaga kamfanin da kuɗinsu, suna saya suna gaya wa juna don sun ɗauke shi nasu, har ya shiga manyan kantuna, sai a 2017 aka wayi gari Unilever ta saye shi, eh Unilever dai masu Close Up da Knorr. To yanzu namu ne ko ba namu ba? A ƙa'ida ba namu ba ne, magana ta ƙare, ko da suna da kala da ƙamshi duk ba su canza ba. Wasu sun ce ya ci amana. Ni kam ban ga laifinsa sosai ba, ɗan kasuwa ne ya ga ciniki ya faɗa, kuma da kuɗin ya sayi mujallar Essence a 2018 ya dawo da ita hannun baƙaƙe, ya kafa asusun tallafa wa mata masu ƙananan sana'o'i. Sai dai duk wannan gardamar a can sama ake yinta, matar da ke tsintar ƙwaran kaɗe a dajin arewacin Ghana ko jihar Neja da sassafe, ta dafa ta shanya ta daka, ita ma baƙa ce kuma sana'ar tata ce ɗari bisa ɗari, amma ba ita ake nufi ba in an ce Black-owned, kuma ita ke samun mafi ƙanƙantar rabo ko waye mai kamfanin.

Akwai kuma masu cewa wai ai wannan wariyar launin fata ce aka juya. Haba dai. Mutanen da aka ƙona musu unguwar kasuwanci sukutum a Greenwood ta Tulsa a 1921, bankuna suka shekara da shekaru suna hana unguwanninsu bashi, don sun ce bari mu riƙa sayen na juna shi ne wariya? Ba wanda aka hana shiga shagon kowa.

Inda abin ya kwaɓe shi ne Target, ɗaya daga cikin manyan kantunan Amurka. Sun yi alƙawarin kashe dala biliyan 2 kan kayan baƙaƙe zuwa ƙarshen 2025, sai a Janairun 2025 bayan dawowar Trump suka janye daga shirye-shiryensu na daidaito, Fasto Jamal Bryant ya kira ƙauracewar kwana 40, mutane suka amsa. Sai ga masu ƙananan kamfanoni baƙaƙe da kayansu ke jere a kantocin Target ɗin, irinsu Tabitha Brown, suna roƙon a yi hattara, don in ciniki ya faɗi kayansu za a fara saukewa.