Ku daina miƙa wa yaro salula don ya yi shiru

Iyaye mata na Tawa, sannunku da hidima. Amma akwai abin da ya ishe mu gani a likita. Uwa na layin awo, yaro ya soma kuka, sai ta cusa masa salula a hannu. In ka leƙa, fim ne na harbe-harbe, ko bidiyon gawarwaki da wani ya turo ta WhatsApp. Ba a jima ba sai a dawo da shi: yana firgita cikin barci, ya koma fitsarin kwance, ya rotsa wa ƙanensa kai da muciya. Sai a ce iska ce, ko kambun baka. Haba!

Masana sun daɗe da auna wannan abu. A 1961 Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi gwaji da yara 72, ƴan shekara 3 zuwa 6. Waɗanda suka ga babba na jibgar ƴar tsanar roba da guduma, da aka bar su da ita sai suka maimaita dukan, har da kalamansa. A 1963 aka nuna wa wasu yaran dukan a fim, suka kwaikwaya haka nan. Rowell Huesmann kuwa ya bi sawun yara har tsawon shekara 15, ya fitar da sakamako a 2003: waɗanda suka fi kallon tashin hankali da ƙuruciya sun fi kai wa abokan aurensu hannu da suka girma, musamman waɗanda suka ɗauki jarumin mai duka a matsayin gwaninsu. Ba kowane mai kallo ke zama mugu ba, kuma dukan da yaro ke gani a tsakar gida ya fi na fim illa. To don me za ki ƙara masa da hannunki?

Mun san kin gaji, ga daka ga goyo. Duk da haka kada ki ba shi salular nan. Kai ma maigida, naka ya fi muni, don a fada ake cika maka ita da bidiyon kisa.

A taƙaice:
- Ƙasa da shekara 2, ba kallo sam. Daga 2 zuwa 4, kada ya wuce awa ɗaya a yini, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta ce a 2019.
- A kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp, a goge na kisa, a sa lambar kulle.
- Ba kallo bayan sallar isha'i.
- In firgitar ta ƙi wucewa, a kawo shi CSI, wato ƙaramar likita, mu duba.