Me ake nufi da "daskarar da inji" a tseren Formula 1?

Masu bibiyar tseren motoci na Formula 1 sun sha jin an ce an daskarar da injuna. Ba firji ake saka su ba. Hukumar FIA, mai kafa dokokin gasar, ita ce ke tsayar da rana ta ce wa kamfanonin da ke ƙera inji kowa ya kawo nasa a duba, a rubuta fasalinsa dalla-dalla. Daga ranar nan ba mai ƙara wa injinsa ƙarfi sai wa'adi ya cika.

Hujjar da ake kafawa kullum ita ce kuɗi, domin gogayyar ƙera inji rijiya ce gaba dubu. Da wannan hujja aka daskarar da injunan V8, masu silinda takwas, a 2007. Sai dai ranar da aka ce kowa ya tsaya inda yake, wanda ke gaba ya zauna a gaba ke nan, na baya kuma an ɗaure masa hannu. Nan rigimar take.

A 2014, da aka koma injunan V6 masu lita 1.6 da ke haɗa fetur da lantarki, Mercedes ta yi wa kowa fintinkau. Dokar lokacin rabin daskarewa ce. An kasa inji gida-gida, aka yi wa kowane sashe farashi da abin da ake kira tokin. Inji sukutum tokin 66 ne, aka ba kowane kamfani 32 ya kashe wajen gyara kafin kakar 2015, kamar katin waya, in ya ƙare shi ke nan. Sai Ferrari ta lura cewa dokar ba ta faɗi ranar rufe gyaran ba. Mantuwar rana ɗaya tak a takarda! Dole FIA ta bar kamfanoni suna kashe tokin ɗinsu har cikin kaka. Honda, da ta shigo a shekarar tare da ƙungiyar McLaren, da farko an ce ba ta da rabo. Sai da ta yi ƙorafi aka ba ta tokin tara. A 2017 aka yi watsi da tsarin baki ɗaya.

Daskarewar baya-bayan nan kuwa, a ganina, ciniki ne tsagwaronsa. A Oktoban 2020 Honda ta sanar za ta fice a ƙarshen 2021. Ƙungiyar Red Bull, da ke amfani da injinta, ta ce za ta iya ci gaba da riƙe shi, amma ba ta da halin inganta shi duk shekara, don haka a tsayar da kowa. A Fabrairun 2021 aka amince, daga 2022 har ƙarshen 2025. Direban Red Bull, Max Verstappen, ya ci kambun direbobi na 2022, 2023 da 2024 da wannan inji.

Dokar ta bar 'yar ƙofa: ana iya taɓa inji idan don magance lalacewa ne, ko kare lafiya, ko rage kuɗi. Kamfani zai rubuta wa FIA, ita kuma ta nuna wa abokan hamayyarsa takardar su faɗi ra'ayinsu. Ka ga injiniyan wani kamfani zaune yana tsefe buƙatar kishiyarsa layi-layi, yana neman inda aka ɓoye ƙarin ƙarfi da sunan gyara. Kuma zargin ba banza ba ne, tunda injin da ya daina fashewa ana iya matsa masa fiye da da.

Wadda ta kwana ciki ita ce Renault. An daskare ta tana baya, a 2023 kuma ƙungiyarta Alpine ta nemi a ba ta damar kamo sauran, abin bai yiwu ba. A Satumban 2024 Renault ta sanar za ta daina ƙera injin Formula 1 a masana'antarta ta Viry-Châtillon, kusa da birnin Paris. Daga 2026 Alpine injin Mercedes take saye.