Tsaron yara a manhajojin bidiyon waƙa: daga Musical.ly zuwa TikTok

Manhajojin bidiyon waƙa manhajoji ne na waya da mutum ke ɗaukar kansa a ɗan gajeren bidiyo yana motsa baki daidai da waƙar wani, ko yana taka rawa, sannan ya ɗora jama'a su gani. Matasa a ƙasar Hausa sun fi kiran abin da mamin. Wadda ta fara tayar da hankalin iyaye da hukumomi ita ce Musical.ly, wadda aka haɗe da TikTok a shekarar 2018. An samu wasu irinsu Likee da Triller da Dubsmash, amma akasarin shari'o'i da tarar da aka ci kan tsaron yara a kan waɗancan biyun suka faɗa.

Asali

Alex Zhu da Luyu Yang ne suka kafa Musical.ly a birnin Shanghai na ƙasar Sin. Da farko manhajar koyar da karatu ta gajeren bidiyo suka ƙirƙira, ba ta samu karɓuwa ba. Zhu ya sha ba da labarin yadda ya ga wasu matasa a jirgin ƙasa a Kalifoniya, wasunsu na sauraron waƙa, wasu na ɗaukar kansu hoto da bidiyo suna nuna wa juna, sai ya yi tunanin haɗa abubuwan biyu wuri guda. Manhajar ta fito wajen watan Agustan 2014, kuma zuwa Yulin 2015 ita ce a sahun gaba a kantin manhajoji na Apple a Amurka. Bidiyon bai wuce daƙiƙa 15 zuwa minti ɗaya ba. A 2016 aka fito da wata manhaja 'yar'uwarta, live.ly, don fitowa kai-tsaye, a 2017 kuma aka ce masu rajista sun haura miliyan 200.

A ƙa'idance sai mai shekara 13 zuwa sama ne zai buɗe asusu. A zahiri 'yan firamare sun cika ta maƙil, kuma fuskokinsu na nan a bidiyon ga duk mai ido. Kamfanin ByteDance na Beijing, mai TikTok da takwararta ta ƙasar Sin, Douyin, ya sayi Musical.ly a Nuwamban 2017 kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kusa dala biliyan 1. Ranar 2 ga Agustan 2018 masu asusu suka wayi gari suka ga sunan manhajarsu ya koma TikTok.

Tarar 2019 da abin da ta bankaɗo

Amurka na da doka tun 1998, wadda ake taƙaita sunanta da COPPA, da ta hana karɓar bayanan yaron da bai kai 13 ba sai da yardar iyayensa. Ranar 27 ga Fabrairun 2019 hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta sanar cewa kamfanin ya yarda zai biya dala miliyan 5.7 saboda abin da Musical.ly ta aikata. A lokacin, ita ce tara mafi girma da aka taɓa ci a ƙarƙashin dokar.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da dukiyar kamfanin. Takardar ƙarar ce ta fi muhimmanci, domin ta nuna yadda aka gina manhajar tun daga tushe. Mai rajista zai ba da cikakken suna da lambar waya da adireshin imel da hoto. Duk sabon asusu a buɗe yake, kowa na iya kallon bidiyon yarinya 'yar shekara 9 ya kuma aika mata saƙo. Ko an rufe asusun, hoto da ɗan bayanin kai na nan a fili, ƙofar saƙon sirri ma ba ta rufuwa. Har zuwa Oktoban 2016 akwai wani sashe da ke nuna wa mutum masu amfani da manhajar da ke kusa da shi, tsakanin mil 50, wato kimanin kilomita 80. Ba a fara tambayar shekaru ba sai a Yulin 2017, kuma waɗanda suka riga suka shiga ba a waiwaye su ba. Iyaye sun yi ta kuka: cikin mako biyu kacal a Satumban 2016 an samu ƙorafi sama da 300 na neman a rufe asusun 'ya'yansu. Ana rufewa, amma bidiyon da bayanan suna nan ajiye a rumbun kamfanin. Babban abin takaici shi ne babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya faru bisa kuskure na na'ura. Haka aka tsara abin, don ya yaɗu da sauri.

Sulhun da aka yi da FTC ya tilasta cire bidiyon 'yan ƙasa da 13, kuma a Amurka aka ware musu sashe na daban da ba a ɗora bidiyo ko aika saƙo.

Baƙi manya da wasannin ganganci

Binciken da BBC ta fitar a Afrilun 2019 ya gano ɗaruruwan sharhi na batsa a ƙarƙashin bidiyon yara a TikTok, kuma sau da yawa ana goge sharhin a bar asusun mai shi. A watan ne babbar kotun Madras ta Indiya ta sa aka dakatar da sauke manhajar a waya na ɗan lokaci. Indonesiya ta riga ta toshe ta na kimanin mako ɗaya a Yulin 2018.

A Janairun 2021 wata yarinya 'yar shekara 10 ta rasu a Palermo ta Italiya, aka danganta rasuwar da wasan shaƙe wuya da ke yawo a bidiyo. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta umarci TikTok ta toshe duk wanda ba a tabbatar da shekarunsa ba, aka cire asusu sama da 500,000. Wasan ya girmi wayar zamani, don hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga yara 82 da suka mutu sanadinsa tsakanin 1995 da 2007. Kamfanin ya musanta cewa wasan ya yaɗu a dandalinsa. Wasu iyaye sun kai ƙara suna cewa manhajar ce ta turo wa 'ya'yansu bidiyon ba tare da sun nema ba.

Tarar Turai

Holan ta ci TikTok tarar yuro 750,000 a Yulin 2021, domin bayanin da ake nuna wa yara kan yadda ake amfani da bayanansu da Turanci aka rubuta shi, ba da harshensu ba. Birtaniya ta ci fam miliyan 12.7 a Afrilun 2023, bayan ta ƙiyasta cewa yara 'yan ƙasa da 13 da suka kai miliyan 1.4 sun yi amfani da manhajar a 2020. A Satumban 2023 hukumar kare bayanai ta Ayilan ta ci yuro miliyan 345, kuma cikin dalilanta har da tsohon laifin nan na barin asusun yara a buɗe. TikTok ta ƙi amincewa da hukuncin.

Matakan kariya

Kusan kowane gyara ya zo ne bayan matsin lamba. A Afrilun 2020 aka hana 'yan ƙasa da 16 saƙon sirri, aka kuma fito da hanyar haɗa wayar uwa ko uba da ta yaro don taƙaita lokaci da abin da zai gani. Daga Janairun 2021 asusun 'yan 13 zuwa 15 a rufe yake farawa. A ƙarshen 2022 fitowa kai-tsaye ta koma ta 'yan 18 zuwa sama. A Maris ɗin 2023 aka sa wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60 a rana, sai dai matashi na iya shigar da lambar sirri ya ci gaba. A ƙasar Sin kanta, Douyin ta taƙaita 'yan ƙasa da 14 ga minti 40 a rana tun Satumban 2021, tsakanin ƙarfe 6 na safe da 10 na dare.

Akasarin matakan TikTok sun rataya ne a kan shekarar haihuwar da yaro ya rubuta da yatsansa. Ɗan shekara 10 da ya ja lambar baya zuwa 2000, manhajar za ta ɗauke shi magidanci. A Agustan 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta sake maka kamfanin a kotu kan zargin ci gaba da karya dokar 1998. Ostireliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da 16 riƙe asusu a shafukan sada zumunta a Nuwamban 2024.

Illa ga lafiyar ƙwaƙwalwa

Masana sun rabu. Wasu na ganin amfani da manhajar na da alaƙa da ƙarancin barci da damuwa, wasu na cewa ba a tabbatar manhajar ce sanadi ba.

A Najeriya

Dokar kare bayanai ta Yunin 2023 ta wajabta neman yardar iyaye ko mai riƙo kafin sarrafa bayanan yaro. A Kano muhawara ta fi karkata ga tarbiyya da kalaman batsa, kuma a ƙarshen 2023 hukumar Hisbah ta gayyaci fitattun 'yan TikTok ta yi musu nasiha. Batun ƙananan yara bai samu irin wannan kulawa ba, alhali a gidaje da yawa waya ɗaya ce ke zagayawa, ƙani yana kallo da asusun yayarsa mai shekara 20, wanda babu ko ɗaya daga matakan kariyar yara da ke aiki a kansa.