Matsayin mata a gida da gari a ƙasar Hausa ta da

A al'adar Hausawa ta gargajiya mace ce ke riƙe da cikin gida, kuma yawancin ƙananan sana'o'in gari daga hannunta suke fitowa ko da kuwa tana cikin kulle ba ta leƙa ko zaure. Wanda ya tsaya a ƙofar gida ba zai ga komai ba, shi ya sa wasu ke ɗauka matan da zaman banza suke, alhali ba haka abin yake ba sam.

Gidan da ke da mata fiye da ɗaya uwargida ce babba, ita ake fara tuntuɓa in za a yi wani sha'ani. Girki kuma kwana bibbiyu ake yi, wadda ke da girki ita za ta karɓi cefane ta tuƙa tuwo ta raba wa kowa, turakar maigida ma tata ce a kwanakin nan.

Harkar haihuwa kuwa ta mata ce zalla. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, in ta sauka ungozoma ce za ta yanke cibi ta binne mabiyiya ta gyara jariri, sannan a shiga wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye har kwana 40, ga kunun kanwa ga gasasshen nama da yaji. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwar nan da zafin wankan da ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego, don haka yanzu an rage sosai musamman a birni. Ɗan fari dai uwa ba ta kiran sunansa saboda kunya, sai ta ce "yaron nan" ko ta saka masa laƙabi, in lokacin yaye ya yi sau da yawa wajen kaka ake kai shi, wani ma can zai girma.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne kuɗi. Ci da sha da tufafi na kan miji, amma abin da mace ta samu da sana'arta nata ne, ko maigida ya ara sai ya biya. Daga tsakar gida ake soya ƙosai da ƙuli-ƙuli a matse man gyaɗa a kirɓa fura a yi daddawa, yara 'yan talla su ɗauka su zaga gari su dawo da ciniki, tsofaffi kuma na zaune da mazari da alli suna kaɗin auduga, zaren nan shi masaƙa ke saye su yi saƙi da shi. Ribar ana zuba ta a adashi wajen uwar adashi, ko a yi wa ƙawa biki ranar suna ko aure ita ma in nata ya zo ta rama har da ƙari, sauran kuma ya tafi a tara wa 'ya mace kayan ɗaki tun tana ƙarama. A karkara, musamman wajen Maguzawa, mace na da gayaunarta daban da gandun gida.

A sarauta ma ba a bar su a baya ba. Tarihin baka ya ce sarauniyoyi ne suka mulki Daura har zuwa kan Daurama, ga Amina ta Zazzau 'yar Bakwa Turunku da ake jingina wa ganuwoyi da dama. A Gobir akwai Inna mai shugabantar mata da 'yan bori, a wasu masarautu Magajiya, maƙwabtanmu na Barno kuma suna da Magira, wato uwar sarki. A Lugu ta ƙasar Nijar Sarauniya Mangu ta yi arangama da rundunar Faransa a 1899.

Bayan jihadin 1804 yawancin sarautun nan sun yi rauni, wasu sun koma hannun maza kamar Iyan Zazzau. Sai dai a lokacin ne Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu (1793–1864) ta kafa 'Yan Taru, ta riƙa naɗa dattijai mata da ake kira jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani, su ke jagorantar matan ƙauyuka zuwa wajenta su koyi karatun addini cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci su koma su koyar a garuruwansu.