Tallafin Noma a Duniya: Me Ya Haɗa Manomin Gombe da Baitulmalin Amurka?

Shin tallafin da ƙasashe ke bai wa manomansu iri ɗaya ne?

Ba iri ɗaya ba ne. Tarayyar Turai, a ƙarƙashin tsarin noma na bai-ɗaya da ta soma a 1962, tana biyan manomi kuɗi kai tsaye, galibi bisa faɗin gonarsa, kuma tsarin yana cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na kasafin kuɗinta. Amurka ta fi karkata ga ɗauke wa manomi kaso mai tsoka na kuɗin inshorar amfanin gona, tare da cike masa giɓi idan farashi ya faɗi. Indiya kuwa, gwamnati ce ke sayen shinkafa da alkama a kan farashin da ta yanka tun kafin girbi.

Nijeriya fa?

Namu tallafin ya fi tsayawa kan taki, rance da tsaron iyaka. An raba taki ta wayar salula daga 2012, an ƙaddamar da shirin bai wa ƙananan manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi a 2015, sannan aka rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Sai ga shi a 2024 an sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama da shinkafa na tsawon kwana 150. A ganina babbar illar ita ce rashin ɗorewa, domin mai noman rani a Dadin Kowa ta Jihar Gombe yana shuka ne bai san wace doka za ta tarar da shi ranar da zai kai buhunansa kasuwar Tudun Hatsi da ke garin Gombe ba.

To, ta yaya tallafin wata ƙasa ke taɓa kasuwarmu?

Manomin da gwamnati ta tsaya masa ba ya rage noma ko da farashi ya karye, don haka kaya su yi yawa a kasuwar duniya, farashi ya ƙara sauka. Auduga ce misali mafi kusa da mutanen Gombe, garin da ya yi suna da ita. A 2003 Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali suka kai kuka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya cewa tallafin ƙasashe masu arziki yana karya manomansu. Brazil, wadda ke da ƙarfin shari'a, ta yi ƙarar Amurka a gaban ƙungiyar kan tallafin auduga ta kuma yi nasara, har a 2014 Amurka ta amince ta biya ta dala miliyan 300 domin a rufe maganar. Ƙasashen Afirkan nan huɗu ba su ga irin wannan diyya ba.

Ƙungiyar ba ta hana tallafi ba ne?

Ba ta hana duka ba. Yarjejeniyar noma ta 1995 ta iyakance wanda ke karkatar da farashi, ta bar na bincike, malaman gona da hanyoyin karkara babu iyaka, sannan a taron Nairobi na 2015 aka amince a soke tallafin fitar da amfanin gona waje.