Rumfar raga ta zangon tirela

Rumfar raga wata 'yar rumfa ce mai naɗewa, rufinta na yadi, bangonta na raga mai ƙananan idanu. Ana kafa ta a fili domin a zauna a ci abinci ko a yi hira ba tare da sauro da ƙudaje sun hana mutum sakat ba. An fi saninta a Amurka da Kanada da Ostareliya da wasu ƙasashen Turai, a wajen masu fita hutu da tirelar zango. Tirela a nan ba babbar motar ɗaukar kaya ba ce. Ƙaramin ɗaki ne mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, da gado a ciki, wani lokaci har da murhu da makewayi, wanda mutanen Ingila ke kira karaban. Da yake cikin irin wannan ɗaki a matse yake, yawancin zaman yini a waje ake yin sa, kuma rumfar raga ita ce falon.

Galibinta ba ta da shimfiɗar ƙasa, kuma ba don kwana aka yi ta ba. Wannan ne ya raba ta da tanti.

Asali

Rumfar raga jikar gidan sauro ce, shi kuwa gidan sauro ya daɗe a duniya. Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ba da labarin mutanen fadamun Masar da ke kamun kifi da taru da rana, in dare ya yi su kewaye shimfiɗarsu da shi su kwanta a ciki. Ya ce sauro na cizon mai barci ta cikin mayafi, amma ba ya ko gwada cizo ta cikin tarun. Girkawa na kiran sauro "konops", gadon da aka kewaye da raga kuma "konopeion". Wannan kalma ce ta bi ta Latin da Faransanci ta shiga Turanci, daga can ta iso Hausa a matsayin kanofi, rumfar nan da ake haya ranar ɗaurin aure ko suna. Ke nan kanofi ta fara rayuwa ne a matsayin gidan sauro, daga baya ragar ta faɗi aka bar rufin.

Ragar waya ta taga kuwa ana danganta yaɗuwarta da kamfanin Gilbert and Bennett na Georgetown a jihar Connecticut. Asalin sana'arsa, tun wajen 1818, ita ce saƙa rariya da izgar doki, daga baya ya koma saƙa ta da siririyar waya. Ana ba da labarin cewa da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, kamfanin ya rasa kasuwarsa ta kudu, saƙaƙƙiyar waya ta taru masa jibgi, sai aka shafa mata fenti don kada ta yi tsatsa aka riƙa sayar da ita a matsayin kariyar taga. Kafin ƙarshen ƙarnin, gidaje da dama a Amurka sun sa raga a tagogi da ƙofofi, wasu sun kewaye barandarsu gaba ɗaya da ita. Da Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikin sauro a Indiya a 1897, raga ta tashi daga kayan jin daɗi ta zama sha'anin lafiya. Ba'amurken da ya tashi yana cin tuwon darensa a baranda mai raga, shi ne ya nemi irinta da ya fara fita zango da mota.

Fitar ma tana da nata tarihin. A Ingila, Dakta William Gordon Stables ya sa aka ƙera masa karaban mai suna The Wanderer, wanda dawakai ke ja, ya yi doguwar tafiya da shi a 1885, kuma an kafa ƙungiyar Caravan Club a 1907. A Amurka motar Ford samfurin T, wadda ta fito a 1908, ita ta sa talaka ya iya loda iyalinsa da tanti ya kama hanya. A 1919 masu irin wannan yawo suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a Tampa ta jihar Florida, ƙasar da sauro ba ya wasa. Wally Byam ya kafa kamfanin tirela na Airstream a farkon shekarun 1930, ƙananan tireloli masu siffar ɗigon hawaye kuma suka yi tashe a shekarun 1930 da 1940. Waɗannan na ƙarshe gado kawai suke da shi a ciki, madafar tana baya a ƙarƙashin murfin da ake ɗagawa, don haka mai girki a fili yake tsaye, shi da ƙwari. A 1968 aka fara yin tirelar Boler a Winnipeg ta Kanada, 'yar ƙarama mai jikin faiba (roba mai zaren gilashi a ciki), tsawonta ƙafa 13, kuma har yau masu irin wannan ƙaramar tirela suna cikin waɗanda suka fi buƙatar ɗakin waje.

Rumfunan farko na kambas ne da sandunan katako ko ƙarfe, masu nauyin gaske, in ruwa ya jiƙa su kuwa sai mutum biyu. Abin da ya sauya lamarin zare ne. Wallace Carothers ya haɗa nailan a kamfanin DuPont a 1935, John Whinfield da James Dickson kuma suka samar da zaren foliyesta a Ingila a 1941. Bayan yaƙin duniya na biyu waɗannan zaruruwa suka shiga kasuwa, aka samu yadi da raga marasa nauyi da ba sa ruɓewa. A tsakiyar shekarun 1950 Bill Moss ya fito da tantin da ke buɗewa kamar laima a kan sandunan faiba masu lanƙwasuwa. Kanofi mai ƙafafun ƙarfe da ake ja ya buɗe kamar almakashi ya bazu ne daga kamfanin E-Z UP na Kalifoniya a farkon shekarun 1980.

Ire-irenta

Mafi daɗewa ita ce mai sanduna, wadda ake zura sandunan ta cikin hannun yadi ko a maƙala su da ƙugiya a lanƙwasa su su yi baka. Tana naɗewa ƙarama, nauyinta matsakaici, sai dai kafa ta na cin lokaci, kuma mutum ɗaya kan sha fama.

Sai mai cibiya. A wannan, kowane bango yana da sandunan faiba da suka haɗu a wata cibiya a tsakiyarsa, an riga an ɗinke su da yadin. Mai kafawa yakan shimfiɗa ta a ƙasa, ya kama madaurin da ke tsakiyar bango ya fizgo waje, bangon ya buɗe da ƙara "fat", ya zagaya ya yi wa sauran haka, sannan ya shiga ciki ya tura rufin sama. Ba ta ɗaukar fiye da 'yan mintoci. An aro fasalin ne daga bukkokin da masunta ke kafawa a kan daskararren tafki lokacin hunturu a jihohi irin su Minnesota, kuma kamfanin Clam na can, wanda da kayan wannan su ɗin aka san shi, yana cikin waɗanda suka yaɗa ta. Aibinta a jaka yake: babbar mai kusurwa shida in an naɗe ta tsawonta kan kusanci mita 2, nauyinta ya kai kilo 15 ko ya ɗara.

Akwai kanofi mai ƙafa huɗu da ake rataya wa bangon raga, wanda ya fi kowa inuwa da nauyi. Akwai kuma mafi sauƙin duka, tamfol mai raga a gefuna wanda ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi ko a tokare da sanda biyu. Shi 'yan kilo ne kawai, amma in zangon ba bishiya, ko ƙasar ba ta karɓar turke, ya zama aiki.

Kashi na ƙarshe shi ne ɗakin da ke jingine da tirelar kanta. A Turai gefen karaban yana da siririn kwararo na alminiyam da ake zura bakin yadin a ciki, kuma a 'yan shekarun nan da yawansu bututun iska ake hura musu a madadin sanduna. A Amurka an fi liƙa bangon raga da zif a jikin rumfar da ke naɗe a gefen tirela.

Raga da ƙwari

Nan ne zaɓen ya fi muhimmanci, kuma nan masu saye suka fi yin sakaci. Ma'aunin da aka saba bi wajen gidan sauro na yaƙi da zazzaɓi, irin wanda ake rabawa a Najeriya da Nijar, shi ne ido 156 a kowane inci murabba'i. Ragar taga ta yau da kullum a Amurka zare 18 ne a tsaye da 16 a kwance a kowane inci. Dukansu suna tare sauro da ƙuda. Amma akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo na dangin Ceratopogonidae, tsawonsu milimita 1 zuwa 3, waɗanda Amurkawa ke kira "no-see-um", wato ba a ganin su. Suna yawa a bakin teku da fadamu, kuma ɗan'uwansu na tsaunukan Sikotilan, Culicoides impunctatus, ya yi ƙaurin suna wajen korar masu zango da bazara. Waɗannan ratsa ragar sauro suke yi kamar babu ita. Ragar da ke tare su idanunta ɗaruruwa ne a inci murabba'i.

Matsattsiyar raga tana da farashinta, domin yadda take tare ƙwaro haka take rage iska. A yini mai zafi da gumi cikinta kan yi ɗumi, kuma in iska ta taso tana kama ta kamar bangon yadi. Wanda zangonsa busasshen wuri ne mai ƙuda da rina kawai ba shi da dalilin jure wannan. Wanda zai je gaɓar Florida ko arewacin Sikotilan kuwa ba shi da zaɓi.

Baƙin ƙudan rafi na dangin Simuliidae, wanda ke addabar Kanada da jihar Maine a watannin Mayu da Yuni, raga ta yau da kullum na tare shi. Danginsa ne ke yaɗa ciwon makantar bakin kogi a Afirka ta Yamma. Kaska kuwa, mai ɗauke da ciwon Lyme, ta ƙasa take biyowa, rumfar da ba ta da shimfiɗa ba ta hana ta.

Launi ma yana da tasiri. Baƙar raga ta fi bari a ga waje, fara kuma tana mayar da haske ta dushe gani. Sannan kome kyan raga, in akwai tazara tsakanin gindin bango da ƙasa, aikin banza ne, shi ya sa masu kyau ke da leɓen yadi a ƙasa da ake dannewa da duwatsu ko tabarma.

Nauyi da wurin ajiya

Rashin nauyi a wajen mai tirela ba daidai yake da na mai goya kaya a baya ba. Kowace tirela tana da iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka, a rubuce a jikinta, kuma a ƙanana abin da ya rage bayan an cire nauyinta 'yan ɗaruruwan kilo ne, wanda ruwa da tukunyar gas da batir da abinci za su ci mafi yawansa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A Amurka ana ba da shawarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan mahaɗinta da mota, in aka jibge kaya a can baya sai ta fara wutsil-wutsil a kan titi. Don haka inda za a kwantar da jakar rumfar ya kai nauyinta muhimmanci.

Sau da yawa tsawo ne ke yanke hukunci. Jakar da ta kusa mita 2 ba ta shiga akwatin ajiyar ƙaramar tirela, sai a ɗora ta a kan gado ko a tsakar ɗaki, kuma ranar tashi ana iya naɗe ta da raɓa da laka. Mai hankali yakan auna wurin ajiyarsa da tef kafin ya dubi farashi. Yakan auna teburin zango ma: a sansanonin gwamnati na Amurka yawanci tebur ne mai haɗe da benci, tsawon ƙafa 6 ko 8, wani a kafe yake da ƙasa. Rumfar da bangonta ya karkata ciki tana iya rufe teburin a lissafi, amma wanda ke bakin benci ya zauna kafaɗarsa na gugar raga, sauro kuwa ta nan yake cizo.

Yadi da sanduna

Rufin yawanci foliyesta ne, domin ya fi nailan jure hasken rana kuma ba ya saki in ya jiƙe. Ana auna kaurin zarensa da diniya, wato nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. Sandar faiba tana da araha da nauyi, in ta karye takan tsage ta yi tsini. Alminiyam ya fi ta rashin nauyi, ya kuma fi ta tsada, kuma lanƙwashewa yake yi. Ƙarfe ya fi su ƙarfi, yana tsatsa.

Iska da wuta

Iska ce ke kashe mafi yawan rumfunan nan. Ƙarfin da take buga bango da shi yana ninkawa huɗu in gudunta ya ninka biyu, abu marar nauyi mai faɗin jiki kuwa ba ya jira. A mai cibiya, bangon da ke fuskantar iska kan lotsa ciki farat ɗaya in ba a ɗaure cibiyarsa da igiya zuwa turke ba. Siraran turakun da ke zuwa a cikin jaka ba sa shiga tsakuwa, ba sa kama yashi, don haka masu zango kan sayi dogayen ƙusoshin ƙarfe da guduma, a kan siminti kuma su yi amfani da buhunan yashi ko jarkokin ruwa. Ruwan sama kuma ta bango yake shigowa, sai in akwai labulen da ake saukewa.

Nailan da foliyesta narkewa suke yi, tartsatsi ɗaya na iya huda raga. Idan aka sauke labule duka aka kunna murhu ko gawayi a ciki, iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, tana iya taruwa ta yi kisa.

Saɓani

Masu zango sun rabu a kan fesa wa raga maganin permethrin: yana kashe ƙwari, yana kuma da haɗari ga kyanwa da kifi. Sun kuma rabu a kan ko rumfar na buƙatar shimfiɗar ƙasa. Wasu sansanoni na lissafa rumfar a matsayin tanti, wasu ba sa yi.

Kulawa

Ba a ajiye ta a jiƙe, domin fumfuna na kama yadin cikin 'yan kwanaki. Zif ne ke fara lalacewa, yawanci saboda yashi, kuma ana goge shi da tsohon buroshin haƙori. Ƙaramar huda a raga ana ɗinke ta da zare ko a manna mata faci ta fuska biyu.