Saƙon ciniki a waya: tambayoyin da ƴan kasuwar Tawa suka fi yi mini

Shekara ta uku ke nan ina zama da wasu matasa bayan sallar isha'i a nan Tawa muna gyaran rubutu. Yawancinsu yaran shago ne da dillalan albasa, sai mata biyu masu sayar da atamfa da turare ta WhatsApp. Babu wanda ya zo don ya zama marubuci. Kowannensu akwai saƙon da ya taɓa turawa ya jawo masa asara ko jin kunya. Ga tambayoyin da suka fi maimaitawa, da amsoshin da nake ba su.

Tambaya: Malam, tunda mai saye yana gane abin da nake nufi, ina ruwan ciniki da ƙa'idar rubutu?

Amsa: Yana ganewa ranar da kuke shiri. Ranar da aka samu saɓani kuwa, kowa zai karanta saƙon ta fuskar da ta yi masa daɗi. In kuna gaba da gaba a rumfa, ga fuska, ga murya, ga dillali a tsaye yana shaida. A waya duk waɗannan babu, saƙon shi ne dillalin, shi ne shaidar. Ba yau aka fara ba: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, a kuma rubuta shi da adalci.

Wani ɗalibina yana tsaron kayan maigidansa a Yamai. An lodo albasa buhu arba'in daga Galmi, mai saye ya zo da motarsa yana jira. Maigidan yana Tawa, ya turo masa kalma biyu: "an biya". Tambaya yake yi. Yaron ya ɗauka sanarwa ce, ya saki kaya. Kuɗin nan sai da aka yi sati uku ana rantse-rantse kafin su fito.

Tambaya: To wace alama ce ta fi muhimmanci?

Amsa: Alamar tambaya, nesa ba kusa ba. A Hausa sau da yawa kalmomin tambaya da na sanarwa ɗaya ne, murya ce kawai take ɗagawa a ƙarshe. "Kaya sun iso." "Kaya sun iso?" In ka cire alamar, ka cire muryar. Wanda yake yawan mantawa, ya saba fara tambayarsa da "shin" ko ya rufe ta da "ko" ko "kuwa".

Sai waƙafi. Dubi waɗannan: "Ba na so a sayar." "Ba na so, a sayar." Ta farko hani ce, ta biyu izini ce, kuma ɗan ƙaramin waƙafin nan ne ya raba su. Aya kuwa aikinta ta ba mai karatu damar numfashi: magana ɗaya, aya ɗaya. Ruwa biyu (:) yana da amfani in za ka jero kaya ko farashi. Alamar motsin rai ka yi mata rowa. Uku a jere a saƙon ciniki kamar mutum ne yake maka ihu a ƙofar shago.

Tambaya: Yaya zan rubuta kuɗi yadda ba za a yi gardama ba?

Amsa: A nan ne na fi daɗewa da ɗalibai, don lissafi biyu muke yi a ƙasa ɗaya. Baki yana ƙirga da dala, takarda tana ƙirga da faran. Dala ɗaya faran 5 ce, dala ashirin faran 100, dala ɗari faran 500, jikka ɗaya faran 1000. In Hajiya ta rubuta wa mai saye "turaren 500 ne", dattijuwar da ta saba da kasuwa za ta iya karanta shi dala ɗari biyar, wato faran 2500, ɗan lekol kuma ya karanta shi faran 500. Duk cikinsu ba wanda ya yi ƙarya.

Dokar da na kafa wa ajinmu ita ce: lamba a rubuta ta da faran, a sa mata F ko sefa, sannan a maimaita ta da kalmomi yadda ake faɗa a kasuwa. "Buhu ɗaya 25.000 F, wato jikka ashirin da biyar." Sau biyu ke nan ka faɗa, in yatsa ya zame ya ƙara sifili, kalmomin za su tona kuskuren.

Masu hulɗa da Ƙonni da Illela suna da ƙarin aiki. "Dubu goma" a bakin iyaka ba magana ba ce sai ka ce ta me: naira ko sefa. Kuma rubutun lambar ma ya bambanta. Mu da muka taso da lissafin Faransanci mukan sa aya ko mu bar fili, 25.000 ko 25 000, abokan cinikinmu na Najeriya kuma waƙafi suke sawa, 25,000. A tsarinmu waƙafi na ɓangaren lamba ne, kamar mita 2,5. Saboda haka in za ka tura wa ɗan Sakkwato ko ɗan Kano, kalmomin nan na maimaici su ne za su cece ka.

Ma'auni ma haka. "Atamfa biyu" turmi biyu ne ko zane biyu? "Gero goma" tiya ce ko buhu? Ka ambaci ma'aunin ko da kana ganin kowa ya sani. Lokaci kuma kar ka ce "gobe" kawai, don saƙo yakan kwana ba a buɗe shi ba, gobenka ta zama yau ɗinsa. Ka ce "Laraba 12 ga wata, ƙarfe 4 na yamma".

Tambaya: Baƙaƙe masu lanƙwasa fa, ɓ da ɗ da ƙ, dole ne? Wayata ba ta da su.

Amsa: Tana da su, ba a nuna maka ba ne. In allon rubutunka Gboard ne, ka shiga wurin harsuna ka ƙara Hausa, za ka same su. Minti biyu ne. Ka kuma kashe gyaran kalma na kai tsaye in wayar tana kan Faransanci, don shi ne yake mayar maka da kalmar Hausa wata aba dabam bayan ka riga ka buga ta daidai.

Ko dole ne? A mafi yawan jimloli mai karatu zai gane "kudi" kuɗi ne. Amma akwai inda ba zai gane ba. "Baki" da "baƙi", "kafa" da "ƙafa", "karya" da "ƙarya", "fada" da "faɗa". Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce "ya bata". Wata ɗalibata ta aika yaro da kuɗin dashi, sai aka rubuto mata "ya bata". Ya ba ta ne, ko ya ɓata? Rabin sa'a ta yi tana kiran waya hankalinta a tashe, ashe kuɗi sun isa hannun uwar dashi tun da rana.

Wata ƴar sanarwa: mu a Nijar harafin ƴ muke rubutawa a "ƴan kasuwa" da "ƴaƴa", a Najeriya kuma an fi rubuta 'y. Duka biyun daidai ne, ka dai riƙe ɗaya.

Tambaya: Wannan "ya ba ta" ɗin, ta yaya zan san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa?

Amsa: Ƴan abubuwa kaɗan ka riƙe, sun ishe ka ciniki. Wakilin suna da yake gaban aikatau a rabe yake: "na tura", "ya ce", "mun gode", "sun iso". Wanda aikin ya faɗa wa shi ma a rabe: "na ba ka", "ya kai su", "an kira ta". Amma na mallaka manne yake da sunan: "kuɗina", "kayanka", "motarsu". "Ne" da "ce" kuma kullum su kaɗai suke tsayawa. "Zan" da "zai" kalma ɗaya ce kowace, "za mu" da "za su" kuma biyu. Akwai "a kan" da "akan": kaya suna "a kan" mota, amma "akan" yi ragi ga mai sayen sari. Sauran ƙa'idojin a bar wa masu rubuta littafi.

Tambaya: Mu da Faransanci muka yi lekol. Laifi ne in na rubuta "sannou", "tchiniki", "koudi"?

Amsa: Ba laifinka ba ne, haka aka koya mana riƙe alƙalami, kuma haka allunan hanya suke: Tahoua, Madaoua, Dogondoutchi. Amma Hausa tana da rubutunta tun da daɗewa. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako kan rubutun wasu harsunan yammacin Afirka, har da Hausa, kuma a 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idar. A 2025 kundin da ƙasa take tafiya a kansa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Canjin da ake nema gare ka kaɗan ne: "ou" ya koma u, "tch" ya koma c, "dj" ya koma j, "ch" ya koma sh. Sannu, ciniki, kuɗi, shago. Ka ga ma ya fi gajarta. Ribar kuwa ita ce mai saye daga Katsina zai karanta ka ba tare da ya tsaya yana haɗa baƙi ba.

Adireshi ne kawai nake cewa a bar shi yadda yake a takardun hukuma. In za a sa kaya a mota ko a tura kuɗi ta Nita ko Amana, sunan gari da sunan mai karɓa a rubuta su daidai da katin shaidarsa, harafi da harafi.

Tambaya: Hausarmu ta Adar fa? In rubuta "munka tahi" ko "muka tafi"?

Amsa: Ka dubi wanda kake rubuta wa. In ɗan Keita ne ko ɗan Bouza, "munka" da "wanga" da "biyat" sun fi shiga ransa, yana jin nasa ne yake magana, kuma wannan ma jari ne. In talla ce da za ta zagaya Facebook, daidaitacciyar Hausa ta fi nisan tafiya. Abin da ba na so shi ne a ji kunyar harshen gida, ko a gauraya biyun cikin jimla ɗaya.

Tambaya: Gaisuwa ɓata lokaci ce a saƙon ciniki?

Amsa: Wanda ya faɗo wa Alhaji da "nawa ne siminti" ba sallama, ya riga ya rage wa kansa daraja kafin a faɗa masa farashi. Amma akwai ɗaya ɓangaren: mai turo "salam", ya jira, "ina wuni", ya jira, "ya gida", ya jira, har la'asar bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Ka haɗa gaisuwar da buƙatar a saƙo ɗaya. Ga irin wanda muke gwadawa a aji:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Ni ne yaron mai shagon kayan gini na nan Tawa. Muna son siminti buhu 50. Nawa ne buhu yau, da kuɗin mota ko ban da shi? In mun daidaita, za mu biya rabi yau, sauran ranar da kaya suka sauka. Allah ya ba da kasuwa."

Sallama, ko wane ne kai, abin da kake so da yawansa, tambaya, sharaɗin biya, addu'a. Alhaji zai iya amsawa da layi ɗaya yana tsakiyar awo. Ga babba ko baƙon da ba ka sani ba, "ku" ta fi "ka" ladabi. Taƙaice-taƙaicen samari irin su "slm" da "ngd" a bar su ga abokai.

Tambaya: Abokan cinikina da yawa ba su karatun boko. Ba gara saƙon murya ba?

Amsa: Ku yi cinikin da murya, ba wanda ya hana. Amma in an gama, ka bi shi da rubutu na layi biyu: kaya kaza, farashi kaza, rana kaza, ka roƙe shi ya sa wani ya karanta masa ya amsa da "to". Bayan wata biyu, neman magana ɗaya cikin saƙon murya tamanin aikin wuni ne, rubutu kuwa kalma ɗaya za ka buga a wurin bincike ta fito. In ka ga kuskure bayan ka tura, WhatsApp yana ba ka minti 15 ka gyara, sai dai yana nuna an gyara. Saboda haka in lambar kuɗi ce, gara ka turo sabon saƙo ka ce "gyara: 35.000 F ne, ba 53.000 F ba", kar a zarge ka da sauya magana a ɓoye.

Tambaya: Yaya zan tambayi bashi a rubuce ba tare da na ɓata zumunci ba?

Amsa: Kar ka rubuta shi kana cikin fushi, kuma kar ka rubuta shi a dandalin jama'a. Maganar baki iska takan tafi da ita, rubutu kuwa hotonsa ake ɗauka a yaɗa. Ka kawo abin da ya faru kawai, ban da hali: "Hajiya, ina tunatar da ke ragowar atamfa turmi uku na ranar 5 ga wata, 18.000 F, jikka goma sha takwas. Za ki samu dama kafin Juma'a?" Ba "kin ƙi biya", ba "kullum haka kike". Tambayar da ke ƙarshe ta bar mata ƙofar fita da mutuncinta, kuma ta sa ta ambaci rana da bakinta.

Tambaya: Ni da ba ni da lokacin zuwa aji, ta ina zan fara?

Amsa: Mu ma ba littafi muke buɗewa ba. Kowa yakan kawo saƙo uku da ya tura jiya, a rufe sunayen mutane, a miƙa wa na kusa da shi ya karanta da ƙarfi yadda aka rubuta, ban da taimako. Duk inda mai karatun ya tsaya ko ya ɗaga kai ya ce "me kake nufi a nan", a nan gyaran yake. Kana iya yin haka da ƙanenka a gida, ko da maƙwabcin rumfarka kafin kasuwa ta cika. Waɗanda suka yi nisa, kamar ɗalibin nan nawa na Yamai, hoton saƙon suke turowa da dare, in zagaye musu wurin da ja in mayar. Na baya-bayan nan da ya turo, a layi uku na ƙirga alamar tambaya huɗu, ɗaya ma a ƙarshen sallama.